Cinikin 'Yan Kwikwiyo Ta Intanet: Yadda Ake Damfarar Masu Saye Da Hanyoyin Kauce Wa Asara

Legas — Cinikin karnukan gadi da na zaman gida, wanda a shekarun baya ba ya wuce tsakanin mafarauta da makiyaya da wasu 'yan tsirarun ma'aikata a unguwannin Turawa, ya zama sana'a mai kawo kuɗi a manyan biranen ƙasar nan irin su Legas, Ibadan, Fatakwal, Abuja da Jos. A yau masu kiwo suna tallata 'yan kwikwiyo a shafunan intanet da dandalin sada zumunta, masu bukata kuma suna tura kuɗi ta banki daga wannan gari zuwa wancan, sau da yawa tun kafin su ɗora ido a kan dabbar da suka saya. Wannan sauƙi da ya bunƙasa kasuwar shi ne kuma ya ba 'yan damfara kafar shiga, har ta kai ga ƙungiyoyin kare hakkin masu saye da 'yan sanda a ƙasashe da dama sun riƙa fitar da gargaɗi na musamman a kan wannan nau'i na zamba.

Dalilin da ya sa kasuwar ta yi tashe a Nijeriya a fili yake. Matsalar tsaro ta sa magidanta da masu gonaki da masu masana'antu suna neman manyan karnuka irin su Boerboel mai asali daga Afirka ta Kudu, da Rottweiler, da karen makiyayan Jamus wanda aka fi sani da Alsatian, yayin da wasu iyalai a birane ke sha'awar ƙananan karnuka masu yawan gashi irin su Lhasa Apso. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira domin ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin shigo da kare daga waje da na abincinsa da magungunansa ya yi tashin gwauron zabo, abin da ya ɗaga farashin 'yan kwikwiyon da ake haifa a cikin gida ma. Duk inda kaya ya yi tsada, jama'a kan bazama neman araha, kuma a kan wannan hanya ce ɗan damfara yake ɗana tarkonsa.

Yadda tarkon yake

Damfarar takan fara ne da talla. Mazambacin yakan buɗe shafi mai kyan gani a intanet, ko ya buɗe asusu a Facebook ko Instagram, ko ya sa talla a shafunan saye da sayarwa, ya cika wurin da hotunan 'yan kwikwiyo masu ƙoshin lafiya waɗanda ya sato daga shafunan masu kiwo na gaskiya a wasu ƙasashe. Yakan haɗa da bayanan yabo na ƙarya da sunan wai waɗanda suka taɓa saye a wurinsa, sa'an nan ya sa farashin da bai kai na kasuwa ba, wani lokaci rabi ko ƙasa da haka. Wasu ma sukan ce kyauta za su bayar, saboda wai an yi musu canjin wurin aiki ko mai karen ya rasu, abin da kawai ake bukata shi ne mai karɓa ya biya kuɗin sufuri.

Da zarar mai saye ya tuntuɓe shi, sai mazambacin ya janye maganar zuwa WhatsApp ko wasiƙar intanet, inda babu mai sa ido. A nan yakan nuna kamar shi ne ma yake tantance mai sayen: yana tambayar ko gidan yana da fili, ko akwai yara, ko an taɓa kiwon kare, duk domin a ɗauke shi mutum mai tausayin dabbobinsa. Bayan haka sai gaggawa ta biyo baya. Zai ce ɗan kwikwiyo ɗaya ne ya rage, kuma akwai wasu mutum biyu da ke jira, saboda haka sai an ba da kafin alƙalami a ranar idan ana so a ajiye shi. Idan mai saye ya nemi zuwa ya gani da idonsa, sai uzuri ya taso: gonar tana wata jiha mai nisa, ko mai ita ya yi tafiya, ko ba a barin baƙi shiga don gudun yaɗa cuta.

Biyan farko shi ne mafarin asara. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai saƙo ya zo daga wani wai kamfanin sufurin dabbobi, wanda a gaskiya mazambacin ne ko abokin aikinsa, ɗauke da lambar bin sawun kaya da shafin da ke nuna cewa karen yana kan hanya. Daga nan sai a fara jero bukatu ɗaya bayan ɗaya: kejin musamman mai daidaita zafi da sanyi, kuɗin inshora, allurar gaggawa, takardar izinin ketare iyaka, kuɗin kwastan. Kusan kullum akan yi alkawarin cewa za a maido da waɗannan kuɗaɗe idan kaya ya iso. Idan mai saye ya fara jan ƙafa, sai a koma barazana, a ce ɗan kwikwiyon yana can a filin jirgin sama babu ci babu sha, kuma idan ya mutu za a gurfanar da mai sayen a kotu bisa laifin yasar da dabba. Mutumin da ya riga ya zuba kuɗi sau biyu yakan ga ya fi masa sauƙi ya ƙara na uku da ya yarda cewa na farkon sun salwanta, kuma wannan rauni na ɗan Adam shi ne jarin masu wannan sana'a.

Hanyar biyan kuɗin ma da gangan ake zaɓen ta. A Amurka da Turai sukan nemi a biya da katin kyauta na manyan kantuna, ko ta kamfanonin aika kuɗi, ko da kuɗin intanet irin su Bitcoin, domin duk waɗannan da wuya a dawo da su bayan sun fita. A Nijeriya kuwa sun dogara ne da tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna, wanda kamfanin NIBSS ya fara a 2011. Kuɗin yakan shiga cikin 'yan daƙiƙoƙi, a cikin 'yan mintoci kuma an rarraba shi zuwa wasu asusu ko an cire shi a wurin masu POS. Sau da yawa asusun da aka bayar ba na mazambacin ba ne, na wani ne da aka yi hayar sunansa a kan 'yar la'ada.

Abin da ya faru a ƙasashen waje

Bincike mafi shahara a kan wannan lamari shi ne wanda ƙungiyar Better Business Bureau, mai sa ido a kan amincin 'yan kasuwa a Amurka da Kanada, ta fitar a watan Satumba na 2017. Rahoton ya yi ƙiyasin cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na tallace-tallacen da ake biya domin su fito a gaba idan mutum ya nemi dabbar gida a intanet suna iya kasancewa na ƙarya ne. Haka kuma ya danganta da yawa daga cikin waɗannan shafuna da wasu gungun mazambata a ƙasar Kamaru, waɗanda ke da wakilai a cikin Amurka masu karɓar musu kuɗi.

Lamarin ya ƙara ƙamari a 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gidajensu, bukatar dabbobin ɗebe kewa ta ƙaru, dokar hana zirga-zirga kuma ta ba mazambata uzurin da ba a iya musantawa na hana mai saye zuwa ganin kaya. A wannan shekara ƙungiyar ta karɓi ƙorafe-ƙorafe kusan 4,000 daga Amurka da Kanada. A Ingila, cibiyar Action Fraud, wadda a wancan lokaci ita ce ke karɓar rahotannin zamba a madadin 'yan sanda, ta bayyana cewa a watannin Maris da Afrilu na 2020 kaɗai mutum 669 sun yi asarar fam 282,686 wajen biyan kafin alƙalami a kan dabbobin da ba su taɓa zuwa ba.

Wasu shari'o'i guda biyu sun ƙara fito da yadda aikin yake gudana. A watan Disamba na 2020 an kama wani ɗan Kamaru a ƙasar Romaniya bisa tuhumar da masu gabatar da ƙara na tarayya a Jihar Pennsylvania ta Amurka suka yi masa, inda aka zarge shi da gaya wa masu saye cewa dabbobinsu sun yi cuɗanya da cutar korona a hanya don haka sai an ƙara kuɗi, da kuma buga hatimin jabu na Kotun Ƙolin Amurka a kan takardun da ke alkawarin maido da kuɗin. A watan Afrilu na 2022 kuma kamfanin Google ya shigar da ƙara a wata kotun tarayya a Jihar Kalifoniya a kan wani mazaunin Kamaru, bisa zargin amfani da hanyoyin sadarwar kamfanin wajen tallata 'yan kwikwiyon ƙarya. A cikin takardun ƙarar an ambaci wani da ya biya dala 700 da katin kyauta, daga baya aka nemi ya ƙara dala 1,500 na sufuri, kare kuwa bai zo ba.

Illar wannan ta wuce aljihun waɗanda aka cuta. Duk lokacin da aka ambaci wata ƙasa ta wannan yanki a cikin irin waɗannan rahotanni, masu sana'a ta gaskiya da ke neman abokan ciniki ta intanet su ne ke biyan bashin rashin yarda. A cikin gida ma, mai kiwon da ya kashe kuɗi wajen abinci da allurai da likita yakan tarar an sace hotunan karnukansa ana tallata su a kan rabin farashi, har wasu da aka damfara su zo ƙofarsa suna neman hakkinsu.

Algus a inda kare yake da gaske

Akwai nau'i na biyu na cuta wanda ya fi yawa a kasuwannin cikin gida, watau inda karen yana nan amma ba shi ne abin da aka tallata ba. Ɗan kwikwiyo mai 'yan makonni da wuya wanda ba gwani ba ya bambanta tsantsar jinsi da ruwa-biyu, sai bayan wata biyar ko shida, lokacin da girma da siffa suka bayyana, mai saye yake gane cewa abin da ya biya kuɗin Boerboel a kansa barbarar yanyawa ne. A wannan lokaci mai sayarwa ya daɗe da canza lambar waya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sayar da dabba marar lafiya. Wasu masu kiwo suna tara karnuka mata a wuri mai ƙunci da ƙazanta, suna sa su haihuwa a kai a kai, suna raba 'ya'yan da uwayensu tun suna mako huɗu ko biyar domin su rage kuɗin ciyarwa. Irin waɗannan 'yan kwikwiyo su ne cutar fabo, wadda aka fara ganewa a karnuka a 1978, ta fi kamawa. Cutar tana kawo amai da gudawa mai jini, tana kuma iya kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Da yake takan ɗauki kwana uku zuwa bakwai kafin alamunta su fito, ana iya miƙa dabba tana wasa ranar Asabar, ranar Laraba kuma ta kwanta, kuɗin jinyar ya zarce kuɗin sayen.

Katin rigakafi na jabu kuwa haɗarinsa ya kai har ga rayukan mutanen gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a nahiyoyin Afirka da Asiya, kuma kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samun sa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira. Iyalin da suka sakankance cewa an yi wa karensu allura alhali ba a yi ba, suna iya yin sakaci da cizo ko yaƙushin da ya kamata a garzaya da shi asibiti.

Matakan da mai saye zai ɗauka

Mataki na farko, wanda ya fi sauran duka, shi ne wanda 'yan kasuwar ƙasar Hausa suka daɗe da sani, cewa ba a cinikin biri a sama. Ya kamata mai saye ya je da kansa inda aka haifi ɗan kwikwiyon, ya gan shi tare da uwarsa da 'yan'uwansa, ya duba tsabtar wurin da halin uwar, domin ɗabi'ar uwa da girmanta su ne madubin abin da ɗan zai zama. Idan tafiyar ba za ta yiwu ba, sai ya wakilta ɗan'uwa ko aboki ko likitan dabbobi da ke garin. Mai sayarwar da ya dage a haɗu a tashar mota ko gidan mai ko bakin titi, akwai abin da ba ya so a gani a gidansa. Gwamnatin Ingila ta mayar da wannan ƙa'ida doka tun 6 ga Afrilu, 2020, inda ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyo ko kyanwa da ba su kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga mai kiwo ko a karɓa daga gidan kula da dabbobin da aka yasar.

Idan nisa ya tilasta a fara magana ta waya, to a nemi kiran bidiyo kai tsaye, a ga mai sayarwa da ɗan kwikwiyon da uwarsa a lokaci guda, a kuma bukaci ya yi wani abu da ba a shirya ba, kamar ɗaga dabbar ya juya ta ko ya zagaya da wayar cikin gidan. Hoton da aka riƙe takarda mai ɗauke da suna da kwanan wata, wanda a da ake dogara da shi, yanzu ba hujja ba ne, domin manhajojin kwamfuta na zamani suna iya ƙirƙiro hoto har da gajeren bidiyo na dabbar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Wanda kullum kyamarar wayarsa a lalace take, ko hanyar sadarwa ba ta da kyau a unguwarsu, ya riga ya ba da amsa.

Mataki na biyu shi ne binciken tallar kanta, wanda ba ya cin fiye da 'yan mintoci. Ana iya ɗora hoton ɗan kwikwiyon a kan Google ko TinEye domin a ga sauran wuraren da ya taɓa fitowa. Idan hoton da aka ce an ɗauka jiya a Ibadan ya bayyana a shafin wani mai kiwo na ƙasar Poland shekara uku da suka wuce, magana ta ƙare. Haka nan ana iya kwafar jimla ɗaya daga bayanin tallar a nema, domin mazambata sukan maimaita rubutu iri ɗaya a shafuna masu yawa. Rajistar WHOIS tana nuna ranar da aka buɗe kowane adireshin intanet, saboda haka shafin da ke iƙirarin shekara goma sha biyar a sana'a amma aka yi masa rajista wata biyu da suka wuce abin tuhuma ne. A Nijeriya ana iya duba sunan kamfani a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko da yake rajista kaɗai ba ta tabbatar da gaskiyar mutum.

Na uku shi ne farashi. Kafin a shiga ciniki ya kamata a tambayi masu kiwo uku ko huɗu da asibitin dabbobi domin a san abin da jinsin yake kaiwa a kasuwa. Karya takan yi kwana 63 ko kusa da haka da ciki, sa'an nan mai kiwo ya ciyar da 'ya'yan har mako takwas, ya biya kuɗin maganin tsutsar ciki da allura, ban da kuɗin barbara idan uban na wani ne. Wanda ya yi wannan ɗawainiya ba zai sayar a kan rabin kuɗi ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Na huɗu shi ne shekaru da takardun lafiya. Likitocin dabbobi ba su yarda a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas ba. Idanunsa sukan buɗe ne tsakanin kwana 10 zuwa 14, haƙoran nono kuma sukan fara fitowa a mako na uku, su cika 28 wajen mako na shida zuwa na takwas, don haka buɗe bakinsa kawai yana iya tona asirin wanda ya ƙara masa kwanaki. Allurar farko ta rigakafin fabo da sauran cututtukan da ake haɗawa da ita akan yi ta ne tsakanin mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu, ta haukan kare kuwa sai ya kai wata uku. Katin da ya nuna an yi wa ɗan mako shida allurar haukan kare ya saɓa wa wannan tsari. Katin gaskiya yana ɗauke da tambarin da aka ɓare daga kwalbar maganin, da kwanan wata, da sa hannu da hatimin likita, kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ita ce ke riƙe da rajistar waɗanda aka yarda su yi wannan aiki. Kiran asibitin da sunansa ke kan katin ya isa ya tabbatar ko ya rushe shi.

Idan an ce karen tsantsar jinsi ne mai takardar salsala, to a nemi lambar rajistar uwa da uba, a tuntuɓi ƙungiyar da ta bayar da takardar kai tsaye ta adireshin da mai saye ya nemo da kansa. Ƙungiyoyi irin su ta Ingila da aka kafa a 1873 da ta Amurka da aka kafa a 1884 suna ajiye irin waɗannan bayanai. Karnukan da aka shigo da su daga waje galibi suna ɗauke da 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15, wadda likita ke karantawa da na'ura. Wajibi ne lambar ta dace da wadda ke kan takardu.

Na biyar shi ne sufuri da biyan kuɗi. Shigo da kare Nijeriya yana bukatar takardar izini daga hukumomin lafiyar dabbobi na tarayya da takardar shaidar lafiya daga ƙasar da ya fito, kuma jami'an Hukumar Killace Kayan Gona da Dabbobi ta Nijeriya suna duba shi a filin jirgin sama. Kamfanin sufuri na gaskiya yana faɗin dukkan kuɗinsa a rubuce tun kafin tafiya, har da na keji, ba ya kuma tsayar da dabba a tsakiyar hanya domin neman ƙari. Ƙungiyar masu sufurin dabbobi ta duniya, IPATA, wadda aka kafa a 1979, tana da jerin sunayen 'ya'yanta a shafinta, tana kuma gargaɗin cewa mazambata suna satar tambarinta. Ga masu tunanin aikawa da kare Amurka, tun daga 1 ga Agusta, 2024 dokar ƙasar ta hana shigar da duk karen da bai kai wata shida ba, saboda haka wanda ya yi alkawarin kai ɗan mako takwas can daga wata ƙasa ƙarya yake yi.

Dangane da kuɗi, hanya mafi aminci ita ce a biya a lokacin karɓar dabba, bayan likitan da mai saye ya zaɓa ya duba ta. Idan kafin alƙalami ya zama dole, to ya kasance kaɗan, bayan an ga karen, kuma sunan da ke kan asusun ya dace da sunan mai sayarwa ko na kamfaninsa. A karɓi rasit, a kuma rubuta yarjejeniya mai nuna jinsi, ranar haihuwa, alluran da aka yi, da sharaɗin maido da kuɗi idan likita ya gano cuta cikin kwanakin da aka amince. Mai kiwo na ƙwarai ba ya gudun irin wannan takarda, domin tana kare shi kamar yadda take kare mai saye.

Idan an riga an faɗa

Wanda ya gane an damfare shi, abu na farko shi ne ya daina biya nan take, kome barazanar da za a yi masa, domin babu wata dabba da ke jira a filin jirgi. Na biyu ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, tare da lambar asusun da ya tura wa kuɗin da shaidar turawar, saboda damar tsare kuɗin tana raguwa da kowace sa'a. Idan bankin bai yi abin da ya kamata ba, akwai sashen kare hakkin masu hulɗa da bankuna a Babban Bankin Nijeriya. Ya kuma adana dukkan saƙonni da hotuna da lambobin waya, ya kai rahoto ga 'yan sanda ko Hukumar EFCC, ya sanar da shafin da aka sa tallar domin a sauke ta. Inda mai sayarwa sananne ne amma ya ba da kaya marar kyau, ana iya kai ƙorafi ga Hukumar Kare Hakkin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC.

Dokar ƙasa ba ta ɗauki wannan laifi da wasa ba. Baya ga sashe na 419 na kundin laifuffuka, wanda sunansa ya zama laƙabin damfara a bakin jama'a, Dokar Zamba ta Karɓar Kuɗi da Yaudara ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba kuma bai wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda aka samu da laifin karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ƙara tanadi a kan zambar da aka yi ta kwamfuta. Sai dai da yawa daga waɗanda aka cuta sukan yi shiru don kunyar a ce an yaudare su a kan kare, kuma wannan shiru yana barin asusu ɗaya ya ci gaba da karɓar kuɗin wasu.

Akwai kuma tarko na ƙarshe da ke jiran wanda ya riga ya yi asara. Bayan 'yan kwanaki wani yakan kira ko ya aiko da saƙo, ya ce shi lauya ne ko jami'in hukuma ko gwanin kwamfuta, kuma zai iya ƙwato kuɗin idan aka biya wani abu tukuna. Sau da yawa gungun farko ne suka dawo da wata riga. Babu hukumar gwamnati da ke karɓar kuɗi a asusun wani mutum kafin ta binciki ƙorafi, kuma duk wanda ya nemi haka ya kamata a haɗa lambarsa da sauran shaidun da za a miƙa wa 'yan sanda.